Ƙwayoyin da ɗan kawuna ya wanke da toka

Na daɗe ina gyaran rediyo da talabijin a wata ƴar rumfa kusa da tashar motar Madawa, amma a Keita na koyi sana'ar, a biro, wato ofishin, wani furoje na gyaran ƙasa da ya jima da rufewa. Can ne wani tsohon mai gyaran injuna ya damƙa mini turnabis na kwance kusoshi, ya buɗe mini cikin ordinatar, wato kwamfuta, ya nuna mini ƴan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu jere kamar na kyankyaso. Ya ce su ne memuwar, inda inji ke ajiye abin da ya sani. Sai da ya koya mini karanta rubutun bayansu kafin ya yarda in taɓa ƙarfen dalma. Da furojen ya tashi aka yi gwanjon tsofaffin injuna, na kwashi waɗanda kowa ya raina. Na cire ƙwayoyinsu a hankali, na soka ƙafafunsu cikin soso, na jera a gwangwanayen madara. Sha'awa ce kawai, ban taɓa zaton wani zai neme su ba.

Wanda ya fara nemansu ɗan kawuna ne, kuma da na san abin da zai biyo baya da na ce masa ɓera ya cinye su.

Ya yi shekaru a Kotonu, babu wanda ya san takamaiman abin da yake yi can. Ya komo da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da kwat a tsakiyar bazara, da Faransanci mai yawan gishiri. Mutum ne da in ya ji kalma sau ɗaya a mota, kafin a sauka ya zama malaminta. Wata ranar kasuwa ya shigo rumfata, ya ture rediyon mutane ya zauna kan tebur.

"Ɗan gwaggo, har yau kana nan kana hura ƙurar rediyo?"

"Ina nan. Mi ya kawo ka?"

"Hanya na samo muna." Ya miƙo mini wayarsa. "Wani Anasara ne, shina tara tsohin memuwar. Irin waɗanda kaka ɓoyewa cikin gwangwani."

Na duba hotunan da baturen ya turo. Lallai mutumin ya san abin da yake so. Ya sa hoton kowace ƙwaya daga sama da daga ƙasa, ya rubuta lambarta, ya ce a turo masa hoto mai kyau kafin a yi maganar komai. Na ji daɗi, domin ban taɓa gamuwa da wanda ke kallon abin nan yadda nake kallonsa ba. Saboda haka na yi kuskuren da na yi: na ɗauko gwangwani na fara koya wa ɗan kawuna.

Na ce ya fara da jiki. Akwai ta baƙar roba, ita ce ta cika duniya, ba ta da wani daraja. Akwai ta tangaran, fara ko mai ruwan hanta, ta fi nauyi, in ka ɗora ta a leɓe za ka ji sanyi, in ka ƙwanƙwasa ta da turnabis tana ƙara siririya. Cikin na tangaran akwai masu murfi da ƙafafu ruwan zinariya, su ne tsofaffin gaske. Na ce ya ƙirga ƙafafu daga gefen da aka yi wa ɗan tsagi. Masu goma sha shida yawancinsu na aiki ne, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sun manta komai. Masu ashirin da huɗu ko da takwas, waɗanda ke da ƴar tagar gilashi a tsakiya, suna riƙe abin da aka zuba musu shekara da shekaru, shi ya sa ake liƙe tagar da takarda, don hasken rana na goge shi. Daga nan na kai shi ga abin da ya fi komai, wato rubutu. Alamar kamfani, lambar ƙwaya, sannan wasu lambobi huɗu: biyun farko shekarar da aka ƙera ta, biyun ƙarshe mako na nawa ne cikin shekarar.

Duk wannan bayanin, kalma ɗaya ce ta shiga kansa.

"Zinariya kac ce?"

"Ruwanta ne aka shafa, bai kai kaurin numfashi ba. Rubutun ake saye, ɗan kawu."

"Na gane, na gane," in ji shi, yana danna waya.

Bai gane komai ba. Na hana shi nawa, na ce sai na yi magana da baturen da kaina. Ya yi fushi, ya ce baƙin ciki nake masa, ya hau babur ɗin aro ya shiga ƙauyuka. Labarinsa ya riƙa riga shi zuwa wurina. A Karofane an ce ya sa kwat ɗinsa ya tsaya gaban mutane yana kiran kansa injiniya. A Tama ya sayi matattun rediyoyi da injin ƙirga na shago, ya farfasa su da guduma, yana zaton duk baƙin abu mai ƙafafu memuwar ne. Amma Allah kan ba wawa sa'a. A Garhanga wani tsohon mai gadi ya fito masa da akwatin ƙarfe da aka bar masa tun zamanin da ake auna ruwan sama da inji, ya ajiye shi cikin rumbu duk shekarun nan, ko raɓa ba ta taɓa shi ba.

Da ya buɗe akwatin gabana, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Faranti biyu ne na cikin inji, cike da ƙwayoyin farin tangaran masu murfin zinariya, jere reras, duk na mako guda, ga kuma huɗu masu taga da takardunsu a liƙe, an yi musu rubutu da biro. A rayuwata ban taɓa ganin irinsu da yawa haka wuri ɗaya ba.

"Kada ka cire su," na ce. "Kada ka goge su. Kada ka ɓare takardar nan. Ka bar su yadda suke, gobe in ɗauke su hoto da hasken safe."

"Da wannan dauɗar zan nuna ma Anasara?"

"Da ita."

Ya yi dariya irin ta wanda ya ga teku yana yi wa wanda bai gani ba, ya rufe akwatinsa ya tafi.

Kwana uku ban gan shi ba. Ran na huɗu da hantsi ya zo da ƙwayoyin cikin leda, kamar mai tallan gyaɗa, ya zazzage su kan teburina. Da pansi, awartakin masu gyara, ya fizge su daga farantin, rabin ƙafafun sun karye, sauran sun lanƙwashe. Ya ɓare takardun tagogin, ya shanya ƙwayoyin a rana kan kwanon rufi don su bushe. Su bushe daga me? Daga wanki. Ya samu toka da soson ƙarfe na wanke tukunya, ya dirje su ɗaya bayan ɗaya har murfin ya yi ƙyalli. Na ɗauki gilashin dubawa na duba ta farko, na duba ta biyu. Babu alamar kamfani, babu lamba, babu shekara. Ko ruwan zinariyar da ya haukace a kansa ya kankare shi a gefe-gefe, farin ƙarfe ya bayyana.

"Ka ga yadda sunka yi kyau?" ya ce.

Ban zage shi ba. Na rasa zagin da ya kai. Abin da tsoho ya tsare a rumbu daga gara da damina, wannan ya gama da shi tsakanin azahar da la'asar, kuma yana tsaye yana jiran yabo.

Ya ɗauke su hoto a haka ya tura, baturen ya amsa da layi ɗaya: ina rubutun? Sai ɗan kawuna ya komo wurina, muryarsa ta sauka. Wai tunda na san lambobin, in rubuta masa su, akwai mai zanen allon shaguna da ke da hannu mai kyau. Na ce masa masu tara abin nan sun fi shi sanin wannan dabara. Ɗigon alkol na wanke rauni a auduga ya isa ya ɗebe sabon fenti, kuma sawun soso na nan ƙarƙashin gilashi kamar sawun garma. Na ce ba hannuna.

Ya je ya yi abinsa shi kaɗai. Ya kwafi lambar ƙwaya daga hotunan baturen, amma lambobi huɗun nan sai ya ƙirƙiro da kansa, don ya tuna na ce suna da muhimmanci, bai dai tuna dalili ba. Mai fenti ya zauna da tsinke ya rubuta masa. Da ya kawo mini in gani, don ya nuna mini ba ya bukatata, na karanta biyun ƙarshe: sittin da bakwai.

"Ɗan kawu, mako nawa ne cikin shekara?"

Na ba shi amsar da kaina:

"Hamsin da biyu ne. A Kotonu ko sun hi haka?"

Ya riga ya tura hotunan. Baturen ya toshe lambarsa. Ƙwayoyin kuma mai sayen ƙarafa ya haɗa su da matattun batura ya auna a sikeli.

Ni daga baya na samu wasu masu tarawa ta hannun wani abokin sana'a a Ƙonni. Nakan ɗauki hoto sama da ƙasa, in rubuta lamba yadda take, in akwai ƙafar da ta karye in faɗa. Mafi yawan nawa na roba ne, ba su tayar wa kowa da hankali ba, kaɗan ne aka nema. Ya ishe ni.

Shi kuwa har yau yana nan, ya koma sayar da maganin ƙarfin jiki a kasuwar Buza, da lasifika. In aka zauna wurin suna ko ɗaurin aure yakan ba da labarin yadda Anasaru suka cuce shi, suka ga kaya masu daraja a hannun baƙar fata suka yi masa hassada. Wani lokaci har ya juyo ya ce, "Ga ɗan gwaggo nan, gabanai anka yi." Mutane su dube ni. Kawuna ya tsufa, kuma yakan kasance a wurin, saboda haka sai in ce lallai na ga kayan da idona, in ci gaba da cin shinkafata.