Ta-Baba Ba Ta Rufe Tsatsa

A layin makanikai, jikin shagon mai walda, akwai wata rumfar kwano mai ƙofa biyu. Nan Ta-Baba take gyaran jikin mota da fenti. Sunan ya bi ta tun tana ƙarama, don duk inda mahaifinta ya cire ƙafa nan take sa tata. Yayyenta maza biyu warin fenti ya kore su, ɗaya ya zama malamin makaranta, ɗaya ya kama sayar da waya. Ita kuwa tana shekara goma sha biyu ta iya tantance samfefa, takardar goge ƙarfe, mai kaushi da mai laushi da tafin hannu kawai.

Baba ya shekara talatin yana feshi ba takunkumi, har ƙirjinsa ya kama. Ranar da tari ya zaunar da shi a gida, ta ɗauki makullin rumfar ba ta nemi shawarar kowa ba. Lokacin tana da aure da 'ya'ya biyu. Mijinta tela ne, mai sanyin hali. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki dai riƙa rufe hancinki, mai tari ɗaya ya ishe mu." Daga nan ya ɗinka mata rigar aiki mai aljihu shida.

Makanikan layin suka sa ta gaba da zolaya. "Ta-Baba, janbaki za ki shafa wa motar ko hoda?"

"Kawo taka in yi mata," in ji ta. "Ita tana gyaruwa. Fuskarka ce ta fi ƙarfina."

Babban mai kawo aiki rumfar wani dillalin motoci ne, ƙato mai yawan dariya, abokin Baba tun ƙuruciya, shi ya sa take kiransa Kawu. Wata safiya ya turo wata farar mota, ya ce jibi mai saye zai zo, a yi mata wanka da sabon fenti. Ta-Baba ta zagaya motar tana shafa ta. A ƙasan ƙofar baya ta ji fentin ya yi bororo kamar ƙunar wuta. Ta sa sukundireba ta ɗan danna, sai ga shi ya shige har mariƙi, jan gari yana zuba.

"Kawu, tsatsa ta cinye nan. Sai an yanke, mai walda ya sa sabon ƙarfe. Aikin mako guda ne."

Ya yi dariya. "Cika ramin da fila, ki goge, ki fesa. Wa zai leƙa ƙasan ƙofa?"

"Ruwan sama zai leƙa. Kuma nan ne yara suke taka ƙafa in za su shiga."

Dariyar ta ɗauke. "Ke, 'yar nan, babanki bai taɓa yi mini musu ba. Irin wannan guda nawa ya rufe mini? Je ki tambaye shi."

Maganar ta soke ta. Ta rufe rumfar da rana tsaka, ta tafi gida da fenti a hannunta. Ta tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga, ta durƙusa ta faɗa masa yadda aka yi. Ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

"Gaskiya ya faɗa. Na rufe, ba sau ɗaya ba. Baki bakwai nake ciyarwa lokacin." Ya kawar da kai. "Ba ni na koya miki ba dai, don ban taɓa yi a gabanki ba."

Ta tashi ta fita, kafin ta isa layin makanikai zuciyarta ta bushe. Ta sami dillali zaune a kan bencinta yana karkaɗa ƙafa.

"Na tambaye shi, Kawu. Ya rufe. Ni ba zan rufe ba."

Kafin la'asar ya sa an kwashe motocinsa huɗu daga rumfar, har da wadda ta gama gogewa saura feshi. Mako uku kwamfuresar feshi ba ta yi ƙara ba. Babban yayanta, malamin makaranta, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa don kada takalminsa ya ɓaci.

"Ki je ki ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Yaya, ka ga mutumin nan kuwa? Wannan ba wada ba ne. In na durƙusa, taka ni zai yi."

Washegari ta fito da bokiti biyu, da soso, da tsummoki masu laushi da mijinta ya yanko mata, ta tsaya bakin titi tana tare 'yan tasi. Mai fenti ta koma wankin mota, makanikai suka sami abin dariya. Ita ko a jikinta. Sai dai wankin nata da faɗa yake zuwa. Duk wanda ya tsaya sai ya sha.

"Wa ya wanke maka ita da sabulun wanki? Riga ce? Dubi yadda ta kwaile!"

"Kashin tsuntsu ne wannan tun na yaushe? Ka bar shi ya kwana uku a rana, ya ci fentin, gobe ka ce mai fenti ya cuce ka."

Ba ta wanki a cikin rana sai ta tura motar inuwa, daga sama take farawa ta gangaro, kuma sosonta ba ya taɓa ƙasa. In ta gama ta shafa folish, direba yakan ja da baya yana kallon motarsa kamar baƙuwa. Suka riƙa gulmarta a tasha, suna cewa bakinta ya fi samfefarta kaushi, amma suka ci gaba da zuwa. Daga wanki aka koma kawo ƙarzuwa, daga ƙarzuwa aka koma loɓawa.

Farar motar an fesa ta a wani wuri, an sayar, Ta-Baba ba ta sake jin labarinta ba. Dillali bai ƙara kawo mata aiki ba. In ya wuce ta layin yakan ɗauke kai, ita kuma ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kawu, ina kwana? Ya iyali?" Dole ya amsa.

Aikin yankan farko da ta samu na wani tsohon direban tasi ne, wanda ƙasan motarsa ya ruɓe ta wajen kujerar gaba. Kwana takwas ta yi ita da mai walda, tsohon yana zuwa kullum yana mita, wai ta hana shi neman abinci. Ranar da ta gama, ta miƙa masa makulli, ta haɗa masa da wata leda mai nauyi. Ya buɗe ya ga ruɓaɓɓen ƙarfen da aka yanke.

"Me zan yi da wannan kuma, 'yata?"

"Baba direba, ka kai wa Inna matarka ta ga abin da take zama a kai shekara da shekaru."

Tsohon ya juya ƙarfen, ya zura yatsa a ramin, ya yi salati. Ya sa ledar a but ɗin motar, ya ce ranar Asabar zai kawo motar ƙaninsa.