Dillalin da Ya Je Mayar da Kaya

A layinmu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Gwada muke ce masa, don tun ina koyon ɗinki a shagon da ke jikin rumfarsa ban taɓa ganin ya sayar da abin da bai kunna ba. Dillalin tsofaffin kayan wuta ne, su firji da fanka da dutsen guga. Yana da wani ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, da shi yake gwada kaya a gaban mai saye da mai sayarwa. In kaya ya ba da matsala daga baya, shi da kansa zai ɗora shi a baro ya kai wa mai shi har gida, a warware ciniki. Da wannan amanar ya ci abinci har furfura ta cika masa kai.

Da aka buɗe kasuwar hannun jari, rediyo ya ishe mu da labarin wai talaka ma zai iya mallakar ɗan yanki na kamfani. Sai dai ba a shiga kai tsaye, dole ta hannun dillali mai lasisi. Gwada ya ɗauka abokan sana'a ya samu, ofis kawai suka fi shi. Ya sa rigarsa mai kyau ya hau benen ofishinsu, ya dawo yana ta yabon yaron da ya tarbe shi. Yaron fa ya gaya masa farashi na hawa yana sauka. Gwada ya ce ai kowane kaya haka yake.

Akwai Maman 'yan biyu, matar marigayi amininsa, wadda ke ciyar da marayunta da ƙanƙarar da take sayarwa. Firiza ɗaya ce duk jarinta. Ta zo neman shawara kan hannun jarin, tana tsoro. A kunnena ya ce mata ta kwantar da hankalinta, in abin bai yi ba a mayar, ai ba a daji ake ciniki ba. Shi ya samo mata wanda ya sayi firizar, shi ya kai ta benen ta zuba kuɗin a hannun jarin wani kamfani.

Ba a rufe shekara ba kamfanin ya shiga halin ni-'yasu, farashi ya zube ƙasa warwas. Gwada ya roƙe ni in raka shi, tunda ina ɗan taɓa karatu. Yaron ya ba mu kujera da ruwan sanyi.

"Ɗana, kayan nan bai yi ba," in ji Gwada. "Haɗa ni da wanda ya sayar mana."

"Baba, ni ma ban san shi ba. Kwamfuta ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa."

"To wa za a mayar wa?"

"Ba a mayarwa, Baba. Sai dai ku sayar a farashin yau, in an sami mai so."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron bai cuci kowa ba. Na so in sami wanda zan zaga, na rasa. Muka sauko, Gwada yana dafa bango.

Maman 'yan biyu ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Kullum sai ta gaishe shi da ladabi in za ta wuce wankau a gidajen mutane, kuma na san gaisuwar nan ta fi masa zagi ciwo. Wata safiya na ga an ɗora janaretan a baro. Ya sayar da shi, ya haɗa kuɗin da ɗan abin da ya rage na hannun jarin, ya saya mata wata ƙaramar firiza, rabin tata ta da.

Yana nan a rumfar har yau, sunan ma bai bar shi ba. Jiya wani ya taya fanka, ya ce a kunna masa ya gani. Gwada ya daɗe yana kallon inda janaretan yake zama, inda baƙin mai ya bar tabo a siminti.

"Ba ni da abin gwadawa," ya ce. "Ka ɗauka a yadda ka gan ta."