Ranar da Baba Ya Hau Soro

Ina aji biyar a firamare lokacin da Baba ya shigo da talabijin gidanmu a Jibiya. Zamanin da kuɗin mai suka yi yawa ne, manyan motoci suna layi a bakin iyaka, shi kuwa bakanike ne, aiki har ya fi ƙarfinsa. Daga Kano ya sayo ta, mai hoto baƙi da fari, da ƙofofin katako biyu kamar kabad. Da batirin mota ake kunna ta.

Sai dai hoto ya ƙi zama. Muna nesa da tasha ƙwarai. Abin da muke gani yawanci ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa gero a faifai, can ciki inuwar mutum tana motsa baki. Baba ya ɗaure eriya a kan gora ya kafa a saman soro. In iskar damina ta juya ta sai ya hau ya karkato ta, Inna tana tsakar gida tana gaya masa hoto ya fito ko bai fito ba.

A unguwarmu namiji ba ya hawa soro sai ya sanar da maƙwabta, don daga sama ana hangen cikin gidan kowa. Ni ake aika. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani tela, abokin Baba tun suna samari, tare suke cin tuwo a zauren telan, kwanonmu da nasu. Aikina in shiga in ce wa matan gidan za a hau sama. Magana ce 'yar gajera, amma kullum tun daga ƙofarmu nake ta maimaita ta a raina.

Akwai abin da na lura da shi ban faɗa ba. Wayar eriya ta bi ta saman ƙyauren ɗaki, langalangar ƙyauren ta ci robarta har jan ƙarfen ya fito. In ƙofa tana buɗe hoto yakan ɗan washe, in an tura ta sai ya dagule. Na gani ya fi sau goma. Amma Baba da abokansa direbobi sun riga sun yanke cewa tsawo ne bai kai ba, wani ma yana yi masa tsiya wai akwatin kallon ruwan sama ya sayo. Ban ga ta inda zan sa baki cikin maganar manya ba. Baba ya ƙara gora ta biyu, ya ɗaura murfin tukunya a kai don wani ya ce haka ake yi a Maraɗi.

Ranar da zai ƙara ta uku, bayan la'asar, ya aike ni. Na tarar da zauren telan cike da baƙi maza daga Daddara, sun baje yadudduka har bakin ƙofar shiga, ba hanya sai na tsallake ƙafafunsu. Na yi sallama, ƙarar keken ɗinki ta danne muryata. Na tsaya ina kallon wani jan zare da ya maƙale a takalmin ɗaya daga cikinsu, sannan na juyo gida. Baba yana riƙe da tsani ya tambaye ni ko na faɗa musu. Na gyaɗa kai.

Bai daɗe a sama ba muka ji salati da faɗuwar bokiti. Matar telan ce take wanka, makewayinsu kuwa ba rufi. Baba ya sauko ya bar igiyar ɗaurin gora tana lilo.

Telan ya zo ƙofar gidanmu, baƙinsa suna bayansa. Bai yi zagi ba. Baba ya rantse cewa ya aika, shi kuma ya ce ko kaza ba ta shiga gidansa ba. Sai Baba ya kira ni.

"Uwata, gaya wa babanki tela. Kin shiga ko ba ki shiga ba?"

Idanun mutanen duka suna kaina. Na ce, "Na shiga."

Telan ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Har yarinya ka koya wa?" Ya juya ya tafi.

Daga ranar kwanonmu bai sake zuwa zauren nan ba. Washegari Baba ya aika Inna da kanta ta sanar, ya hau ya sauke gorar duka. Yana naɗe waya sai yatsansa ya tsaya a wurin da ƙyaure ya ci. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe nan ne." Ina tsaye kusa da shi da buta a hannu.

Inna ta yi shanya a kan gorar nan shekaru. Talabijin aka lulluɓe ta da zane aka jera mata kwanuka. Baba da telan suka koma gaisuwar masallaci kawai, har telan ya kwashe iyalinsa ya koma Maraɗi. Duk lokacin da zancen ya taso Baba yakan ce shi dai ya san ɗiyarsa ba ta ƙarya. Sau uku na ji ya faɗa, na ƙarshe yana kwance cikin ciwon da ya tafi da shi, ina zaune a gefensa ina yi masa fifita.