Ranar da Na Sa Kwamfuta Lugude

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ranar nan ba za ta fita daga kaina ba. A shekarun da nake da shagon haɗa bidiyo a Jimeta, na sha faɗa da bakina cewa daga bakin gada har Yola Gari babu wanda kwamfuta ke tsoro kamar ni. Ina cewa in na yi tari, wadda ta mutu ma tashi take ta gaishe ni. Har na cire manhajar da kowa ya saba da ita, na sa irin ta kyautar nan da masana suka haɗu suka rubuta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Daga nan aka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban musa ba.

Akwai wani abokina malamin makaranta a Rumde, Kirista, mutumin kudancin jiha, Ticha nake ce masa. Mahaifiyarsa ta rasu, za a ɗauko gawar daga mutuware a kai ta ƙauye. Ya kawo mini tsofaffin hotuna da bidiyon da aka ɗauke ta tana waƙar coci da yarensu, in haɗa a haska wa jama'a kafin a binne ta. Jikokinta da yawa muryar nan ce kaɗai za su tsira da ita. Motoci za su tashi da azahar.

Da hantsi na gama tsarawa, na bar kwamfuta tana fitar da bidiyon. Tafiya take kamar mai ciwon ƙafa. Ticha na zaune a benci, idonsa ja, yana duban layin da ke cika a hankali. Da lissafina, sai motoci sun ɗan yi nisa za ta gama.

Nan na tuna wani abu. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tana iya riƙe aiki biyu a lokaci guda a kowane sashenta, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Amma masu manhajar sun rufe wannan tun daga gida, don gudun kada wani aiki ya leƙa sirrin wani. Ni kuwa wane sirri gare ni banda bidiyon biki? Na ce, "Ticha, taɓarya ɗaya take daka da ita. In na ba ta ta biyu, gudunta zai ninka."

Ya ce, "Injiniya, ai ta ɗan yi nisa. Ba za ka bar ta ba?"

Na ce, "Sai dai a kashe a sake kunnawa, amma kafin ka sha ruwa ta gama."

Ya ce, "Kai ka sani."

Na tsayar da aikin, na shiga saitin farko na buɗe abin da aka rufe, na rubuta layin umarni, na sake kunnawa. Allo ya nuna hannuwan da ke daka sun ninku, har na yi tafi. Sai dai na manta da abin da kowace mace ta sani: taɓarya biyu ce, amma turmin ɗaya ne. Sauri ya ƙaru, gaskiya, amma bai kai ko kusa da ninki ba, ga aiki ya koma farko. Fankar kwamfutar ta hau kuka cikin zafin Yola, ni ma gumi ya jiƙa mini riga. Duk barkwancina ya ƙafe.

Aka kira azahar. Wayar Ticha ta yi ta ƙara, yayarsa ce, wadda duk muke kira Adda. Ya miƙe ya tafi ɗaukar uwarsa.

Bidiyon ya gama kusan lokacin da dama zai gama ko ban taɓa komai ba. Abin da lugude ya ba ni, na riga na zubar wajen sake farawa. Maƙwabcina, ɗan Barno mai sayar da huluna, ya miƙo mini makullin motarsa ya ce, "Ka bi su, gawa ba ta jira."

Ashe ta jira. A Namtari na tarar da su a gefen titi. Ticha ne ya roƙi a tsaya. Mata sun yi shiru da waƙa, akwatin na cikin mota, rana na dukan kowa. Tun ranar na koyi cewa aikin da ke tafiya, in na mai makoki ne, ba a nuna gwaninta a kansa, kuma ba a yi wa mai kuka alkawarin abin da ba a gwada ba.

Na miƙa wa Adda filas ɗin da na zuba bidiyon a ciki da hannu biyu, ina shirin bayanin taɓarya. Ta karɓa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mun gode, Injiniya. Mama ba ta taɓa makara zuwa coci ba a rayuwarta, sai yau da ka taimake ta."