Jarkar Zamzam a Kogin Gash

Ni ne mutumin da ya ajiye gidansa a tsakiyar kogi, sannan ya kwance masa ƙafa ɗaya don kada ya gudu. In ana shan shayi a unguwarmu Bani Malik a Jidda nakan ba da labarin a yi dariya, ni ma in taya su. Amma rabinsa nake bayarwa. Ga sauran.

Lokacin ina kanikanci a wani gareji a Khumra, can bayan Jidda inda sai sito-sito da tarin ƙarafa. Karatuna bai wuce gane lambar mota ba. Wani Bature mai aiki a tashar jirgin ruwa ya kawo mana mota mai ɗaki a ciki, wadda Larabawa ke kira karafan: gado biyu, risho, kwabar kwanuka, har da labule mai furanni. Injinta ya buga, shi kuma aikinsa ya ƙare, ya tafi ya bar ta. Da ta ishi kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, da tare wuri, ya ce in na tashe ta tawa ce, halas. Na tashe ta. Daga ranar bakina bai huta ba, duk wanda na gamu da shi sai na gaya masa zan zaga duniya ina kwance a gadona.

Surukata tare muke zaune, amma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Kunya irin ta mutanen da. Ko muna ɗaki ɗaya sai ta dubi 'yarta ta ce, "Gaya wa mijinki abinci ya huce." Wata rana ta ce, "Tambayi mijinki ko motar nan tana zuwa Kasala."

Na ce wa matata, "Gaya wa Inna har Sin tana zuwa."

Kafilina ya sa aka buga mana izinin fita da dawowa a kan iƙama, takardarmu ta zama, muka ɗora karafan a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan. Tsohuwa ba ta ɗauki komai ba sai ƙunshin zane da jarkar Zamzam. A jirgin ne matata ta ja ni gefe ta faɗa mini dalili. Iyayenta da ƙafa suka zo hajji daga ƙasar Hausa. A zangon alhazai kusa da Kasala ɗansu na fari ya rasu, yana tatata, aka binne shi a gindin wata tsamiya a bakin kogi. Ɗan fari ne, don haka uwar ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba. Abin da ta ce kawai shi ne akwai wanda bai kai ga Zamzam ba, tana so Zamzam ta kai gare shi. Ruwan na yayyafa wa kabarinsa ne.

Na ji, har idona ya yi ja. Ba zan ce ban ji ba.

Hanyar Kasala ba kwalta a lokacin, mun isa duk gaɓoɓinmu sun kwance. Amma garin ya tafi da ni. Ga duwatsu sumul-sumul kamar an kife tulunan ƙattai, ga lambunan mangwaro da lemo, ga iyakar Habasha kusa har mutum na hango tsaunukanta. Kogin Gash kuwa, da na gan shi dariya na yi. Yashi ne zalla, fari tas, faɗi kamar filin jirgi. Ni da aka kawo Jidda a goye ban taɓa ganin kogi ba, na ce ashe abin da ake ta yabo ke nan. Na gangara da karafan na kafa ta a tsakiyar yashin, inda iska ta fi kaɗawa kuma kowa zai gan ta daga gaɓa biyu. Mata suna kwana ciki, ni a ƙasa kan tabarma, don suruki ba ya kwana rufi ɗaya da suruka a ɗaki mai faɗin taku uku.

Wani Bahaushe manomin albasa, haifaffen can, ya zo ya gaishe mu. Ya san tsohon zangon. Ya ce yana kudu, wajen iyaka, ta inda ruwa ke gangarowa, kuma ba hanyar zuwa sai ta cikin yashin kogi. Ya ce tsamiyar da tsohuwa ta kwatanta tana nan. Sannan ya dubi motar ya ce, "Alhaji, ka je gobe, ka kuma fitar da ɗakin nan daga nan. An fara ruwa a Habasha."

Na ɗaga kai. Sama fes. A Jidda ambaliya ba ta zuwa sai hadari ya haɗu a kanka ka jiƙe tukuna. Na ce, "Ɗan'uwa, in kogin naku ya zo ka ce masa ya yi sallama."

Washegari na hau dutse don in ga gari daga sama. Ranar da ta biyo na shiga kasuwa na zauna wajen masu gahawa, ina ba su labarin Jidda, rabi gaskiya rabi nawa. Yara da manya suna biyo ni su ga gida mai taya, ni kuma ina buɗe musu kwaba ina kunna risho kamar mai sihiri. Kowace safiya tsohuwa takan yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zauna da jarkar a gefe. Abin da take iya cewa shi ne, "Tambayi mijinki ko yau motar tana da lafiya." Matata ta fi ta baki. "Yalla, tashi mana, ya shaikh, mun zo kallon dutse ne?" Ni kuma in ce gobe, kabari ai ba ya tafiya.

Ranar da na yi niyyar gaske, sai na ce bari in duba birkin baya tukuna, don 'yan kallo su ga aikin kanikancin Jidda. Na ɗaga motar a jak, na kwance taya, na baje kusoshi a tire. Hantsi ne, rana tana dukan ƙeya. Na ji wani gurnani kamar jirgin ƙasa, mutanen gaɓa suna ɗaga mana hannu. Na ɗaga musu nawa. Sai na ga wani jan abu yana tahowa daga kudu, yana turo itatuwa a gabansa.

Matata ta yi gaɓa da gudu. Tsohuwa ba ta iya gudu. Na sunkuya na goya ta, matar da ko inuwata ba ta takawa, ina jin tana cewa, "Jarkar, jarkar." Ban koma ba. Da muka hau tudu na waiwaya, karafan ta zame daga jak ta kwanta a gefe, ruwa ya juya ta ya yi arewa da ita. Labulen mai furanni ne abu na ƙarshe da na gani.

Takardunmu suna ɗaure a ƙugun matata, su kaɗai suka tsira. Manomin albasa ya sauke mu a gidansa, bai yi mini gori ba, da ya zage ni da ya fi. Ya ce hanyar zango ta rufe sai bayan damina. Izinin dawowarmu ba zai kai nan ba. Tsohuwa ba ta sake taka Sudan ba, a Jidda aka binne ta.

Kafin mu bar Kasala ta ce a kai ta bakin kogi. Muka tsaya mu uku, ruwa yana wucewa ja wur, daga kudu inda tsamiyar take zuwa arewa inda ba ta da kowa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo, ba wajen 'yarta ba, wajena. Ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ka san hanya. Ta wajensa jarkar ta bi, ko?"