Kuskuren Malam a Kan Allo

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da yara a firamare. Da ya ajiye aiki, zaman gida ya gagare shi, don matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana gidan miji. Sai ya karɓi ajin manya da aka buɗe a wani ɗaki bayan masaƙa, ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da masu aikin dare suke tashi. Masu gadi ne da masu shara da masu kula da inji. Kowa zai shigo ido jajir, da ƙurar auduga a gira.

Barci kuwa ba ya jin kunyar malami. Kafin ya gama rubuta kwanan wata, kawuna huɗu sun sunkuya. Ya gwada buɗe tagogi, ya gwada sa su karatu a tsaye, a banza. Akwai wani mai gadi da ake kira Dogo, shi ko a tsayen ma sai ya yi minshari.

"Dogo, me na ce yanzu?"

"Allah gafarta Malam, ai gaskiya ka faɗa."

Dabarar da ta ci kuwa, ba shiri ta zo. Wata rana hannunsa ya zame, ya rubuta shida sau bakwai arba'in da huɗu. Wata dattijuwa mai shara, wadda kowa ke ce wa Inna, ta ɗaga hannu a tsorace.

"Malam, ba da biyu ba ne?"

Nan take aji ya kaure da musu, har Dogo ya farka yana ƙirga yatsu. Malam ya gane abin da ya daɗe bai gane ba: babba ba ya son a tashe shi kamar yaro, amma in zai gyara wa malami, ido zai buɗe tar. Daga ranar kullum sai ya ɓoye kuskure ɗaya cikin darasi da gangan, su kuma su yi ta farauta. Shekara shida ana haka. Inna ta iya karanta takardar maganinta, Dogo ya fara rubuta lambar mota da kansa a bakin ƙofa.

A shekara ta bakwai, wata safiya suka kama kuskure uku.

"Yau Malam ya yi mana gyara!" in ji Dogo.

Ya taya su dariya, amma shi ya san ba gyara ba ne. Ɗaya kawai ya ɓoye.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koma rubuta darasi tun daga gida, ya duba sau biyu, sau uku. Duk da haka abin ya ci gaba. Sunayen ɗalibai suka fara kuɓuce masa, sai ya riƙa cewa "kai na baya" da "ke mai koren mayafi". Ran da abin ya fito fili, ya tsaya gaban allo da alli a hannu, ya rasa yadda ake rubuta harafin da ya koyar shekara aru-aru. Suka zuba masa ido suna murmushi, sun ɗauka sabon tarko ne. Inna ce kaɗai ba ta yi murmushi ba, don ta yi jinyar yayanta da irin wannan.

"Malam, zauna ka huta. Yau mu za mu rubuta."

Ita ce ta nemi gidan 'yarsa. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta komawa baya. 'Yar ta kwashe kayansa zuwa gidanta, ta ba shi ɗakin da ke kusa da kicin. Malamin da aka kawo madadinsa a ajin karatu kawai yake yi daga littafi, kai a sunkuye. Kafin wata uku benci biyu suka rage da mutane, aka mai da ajin ma'ajin kwali.

Sau ɗaya Dogo ya je gaishe shi, ya durƙusa har ƙasa. Malam ya amsa da fara'a, sannan ya waiwayi 'yarsa.

"Wannan bawan Allah wurin mijinki ya zo?"

"Baba, wurinka ya zo."

"To, madalla. A ba shi ruwa."

Dogo ya sha ruwan, ya zauna kusan awa guda. Da ya tashi tafiya, 'yar ta raka shi bakin ƙofa, ta ce ya gaida sauran 'yan ajin. Ya ce za su ji. Bai iya gaya mata cewa shi ma ya daina ganinsu ba.