Uban Aro a Ofishin Yaya Kulu

Shekara takwas ke nan cif da muka kai Yaya Kulu makwancinta a Argungu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na huɗu, kuma ita ta goye ni. Duk rayuwar aikinta a ofishin jin daɗin jama'a ta yi ta, a sashen da ke bin kadin yaran da ake cutarwa a gida ko a makaranta. Ta fara a Argungu, ta ƙare a Birnin Kebbi. Ni kuwa gyaran injin ban-ruwa na iya, da shi na tsufa, ban kuma taɓa rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya na ji wani matashin malamin jami'a yana bayanin yadda aka fara horar da ma'aikatan kare yara ta hanyar kwaikwayo a yankinmu. Ya ambaci gini, ya ambaci na'urori, bai ambaci sunanta ba. Ban ga laifinsa ba, bai santa ba. Ni na santa, kuma a gabana aka fara.

Mafarin abin kuskure ne. Wata malamar firamare ta kai rahoton yarinya mai tabon duka a bayanta, aka tura wata sabuwar ma'aikaciya gidan. Baiwar Allah nan ta shiga da zafinta, ta tambayi yarinyar a gaban maƙwabta wa ya doke ta. Uban ya kore ta, washegari kuma ya kai 'yarsa wani ƙauye a ƙetaren gulbi. Sai da aka yi watanni kafin a gano inda take. Kowa a ofis ya ɗora wa ma'aikaciyar laifi, ban da Yaya. Ta ce takarda kawai aka koya wa ma'aikaciyar nan, ba a taɓa nuna mata fushin magidanci a ƙofar gidansa ba, kuma bai kamata kowa ya yi kuskurensa na farko a kan ɗan mutane ba.

Kwana kaɗan bayan haka Yaya ta same ni a shago, hannuna duk baƙin mai.

"Attahiru, mi kaka yi ran Alhamis da hantsi?"

Na ce aiki, Yaya.

"Ka aje shi. Ina son mutum mai muryar da ka firgita mutane, kuma duk danginmu babu ya kai."

Haka na zama uban aro. A wani ɗaki na bayan ofis take shimfiɗa tabarma biyu, ta miƙo mini 'yar takarda mai sunan wani mutum da babu shi a duniya, da sana'arsa, da abin da ya aikata, da abin da yake tsoro. Ma'aikaci zai yi sallama daga waje, ni kuma in tarbe shi yadda mutumin zai tarbe shi. Ba ta taɓa yarda a sa yaro na gaske a wasan ba. Ita da kanta take zama yaron, ta duƙa a lungu ta ja gyale, mace mai jikoki, ta ƙi ɗaga ido sai an yi mata magana yadda ya dace. Na kori ma'aikata da yawa daga wannan tabarmar. Wasu sun fita da hawaye. Sai ta kira su, ta ba su ruwa, a zauna a warware inda maganar ta karkace, sannan ta ce a sake daga sallama.

A shekara ta biyu Dakta Rifkatu ta zo daga jami'a. Kirista ce, iyayenta mutanen tsakiyar ƙasa ne da aiki ya kawo su, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ta tashi, Hausarta irin tamu ce. Ta ce tana son jami'a da ofis su haɗa hannu: za ta riƙa ɗaukar muryoyinmu, ta bi ma'aikatan ta ga ko horon yana canja yadda suke aiki a gidajen gaske. Yaya ta sha ganin masu bincike da ke zuwa su cika takardu su ɓace, don haka ba ta yi saurin amsawa ba. Ta ce labarin iyalin gaske ba zai shiga faifai ba sai an sauya shi har maƙwabcinsu ba zai gane ba. Ta kuma ce duk abin da aka gano, a dawo a karanta wa ma'aikatanta da Hausa kafin wani baƙo ya gani. Dakta ta yarda, kuma ta cika.

Ranar da ta dawo da faifan farko ba zan manta ba. Ta kunna, muka ji yadda ma'aikaci kan yi tambaya, yaro ya yi shiru kaɗan, kafin ya haɗa kalmarsa an sake jefa masa wata. Muka ji yadda ake sa wa yaro amsa a baki: "Babanka ne ko?" Can sai ga muryar Yaya, a ranar da ta tashi ta nuna wa ɗalibanta misali, ita ma tana yin haka. Ta ce a mayar, ta sake saurara, sannan ta dubi ma'aikatanta ta ce shekara ashirin tana wannan kuskuren ba wanda ya gaya mata. Daga ranar ta daina kallon Dakta a matsayin baƙuwa.

Yanzu zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa, da izinin wadda abin ya shafa. Wata Alhamis takardata ta ce ni manomin albasa ne da ya zane 'yarsa da wayar wuta. Wadda ta yi sallama sabuwar ma'aikaciya ce mai suna Halima, siririya, muryarta ba ta fita sosai. Na yi mata tsawa, ba ta ja da baya ba. Ta gaishe ni, ta tambayi gona, ta bari na gama faɗana. Sannan ta ce, "Baba, da ka aje wayar, mi ka ji?" Ta jira. Ba ta cece ni da wata tambayar ba.

Na buɗe baki zan ba da amsar mutumin takarda, sai na ji kaina ina cewa tun ranar ba ta ƙara tarbata a ƙofa ba, in ta ji ƙarar babur ɗina sai ta shige bayan uwarta. Na ce, "Rabi ba ta kallon idona." Sunan da ke takardar ba Rabi ba ne. Rabi 'yata ce, shekararta tara a lokacin. Dakta ta miƙa hannu ta kashe rikoda.

Da aka watse na tsaya da Yaya a gindin dalbejiyar ofis, rana tsaka. Na ce mata ashe da gangan ta zaɓe ni.

"So biyu ina yi maka magana a matsayin yayarka, ka ce in bar maka gidanka," in ji ta. "Kai kana zaton don mi nika ɗauke Rabi duk hutu? Yau kai ka faɗa da bakinka. Za a buɗe maka fayil, kuma ba ni za ni riƙe shi ba, don ni jininka ce."

Na yi fushi ƙwarai. Na ce za ta tozarta ni a garin da aka san ubanmu. Ta ce ba wanda zai ji daga ofishinta, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya ji. Halima aka ba fayil ɗin. Wata bakwai tana zuwa gidana, ta zauna da ni, ta zauna da maiɗakina, ta zauna da Rabi ita kaɗai. Na koyi fita daga gida in zagaya in na ji raina ya ɓaci. Na nemi gafarar yarinya 'yar shekara tara, abin da ban taɓa jin wani namiji a danginmu ya yi ba. Sai da aka kusa shekara kafin ta fara zama kusa da ni in ina cin abinci.

Dakta Rifkatu ba ta ji daɗin yadda Yaya ta yi ba, kuma ta gaya mata. A ganinta ba daidai ba ne a sa mutum ya taka rawar da ta shafi ciwonsa ba tare da an sanar da shi ba. Sun yi makonni suna ja-in-ja. A ƙarshe Yaya ta amince, aka kafa ƙa'ida: duk mai taka rawa za a tambaye shi tun farko, a kuma zauna da shi bayan an gama a ji yadda yake. Ni dai har yau ban iya cewa ta yi kuskure a kaina ba. Amma ƙa'idar tana da kyau, kuma ta kare waɗanda suka zo bayana.

Da Yaya za ta leƙo yau, da ta ga abin da ba ta yi mafarkinsa ba. Jami'ar ta gina ɗaki mai kama da zauren gida, da kyamara a kusurwa, da gilashin da malamai ke kallo ta bayansa. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da 'yan sanda da nas-nas da malaman makaranta suna yin atisaye tare, kowa ya ga inda aikinsa ya tsaya na wani ya fara. Har akwai hoton yaro a kwamfuta da ake yi wa tambaya yana amsawa, in ka matsa masa ya yi shiru. Na san za ta so shi, domin ita ba mai tsoron sabon abu ba ce. Na kuma san za ta yi dariya ta ce yaron kwamfutar Bakano ne, a koya masa Hausar Kabi kafin a ce ya yi kama da namu. Halima, wadda yanzu ita ke jagorantar horon ta ɓangaren ofis, ta riga ta kai wannan ƙorafin, an ce ana gyarawa. Tambayar da Yaya za ta fi nacewa a kai ita ce yaushe za a ɗauki horon a kai Augie da ƙauyukan fadama, inda ma'aikaci ɗaya ke fama shi kaɗai. An fara, da tabarma da rikodar waya, kuma ina cikin masu zuwa. Yanzu rawar kaka ake ba ni, mai cewa a rufa asirin gida. Har yanzu ina korar masu gaggawa.

In na auna abin da ta bari, ba na fara lissafi da ginin. Akwai ma'aikata a jihar nan da suka iya yin tambaya ɗaya su jira, kuma akwai yaran da suka samu suka yi magana saboda an jira su. Yawancinsu ba za su taɓa jin sunanta ba, ita ma ba ta nemi haka ba.

Nawa rabon kuwa kullum da safe nake karɓarsa. Rabi ta yi aure, tana koyarwa a wata firamare a Argungu. Kafin ta wuce makaranta takan biyo ta gida da 'yarta mai shekara biyu, ko maiɗakina tana nan ko ba ta nan. Ta sauke ta a cinyata, ta ce, "Baba, ga ta nan, sai na taso." Ta hau babur ta tafi, ba ta ko waiwaye.

Allah ya kai haske kabarinki, Yaya.